Ka karɓi kuɗin sallama ka bar aiki da kanka: me ya rage maka a dokar Najeriya?

 Daga Abuja nake rubuto wannan.

Ni ɗan kara ne. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana saro su daga Potiskum ranar Laraba ko Maigatari ranar Alhamis, a sauke a kasuwar Dei-Dei, wani lokacin kuma tirela ta zarce har Oko-Oba. Tun da na gama sakandare ni nake riƙe masa littafi da waya. Wannan ne ya sa duk takardar Turancin da ta shigo gidanmu, ni ake miƙo wa a ce in karanta.

Cikin azumi, a watan Maris na 2025, yayana ya shigo da wata takarda bayan an sha ruwa. Direba ne a wani kamfanin gine-gine a nan Abuja, shekararsa 12 a wurin, shi kuma yana da shekara 41 a duniya, da mata da 'ya'ya huɗu. Takardar ta ce kwangiloli sun ja baya, don haka duk ma'aikacin da ya yarda ya ajiye aiki da kansa za a ba shi albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar da ya yi. Albashinsa naira 140,000 ne, ka ga lissafi ya kama naira 1,680,000 ke nan. An ba su mako biyu su sa hannu.

Yaya ya ce min, "Ƙanena, duba min abu ɗaya. An ce duk wanda ya rasa aiki gwamnati tana ba shi wani abu duk wata har ya samu wani. To ni da zan fita da ƙafata, zan samu ko na yi asara?"

Na san wannan tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Muna da 'yan uwa masu gadi a bankunan Legas, da direbobin kamfanoni a Apapa, da leburori a masana'antun Ota da Shagamu. Ana kawo musu irin wannan takarda, sau da yawa ma ba wanda zai karanta musu. Wata shida muka yi muna zirga-zirga da yayana a kan maganar, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da muka gano.

Amsa a taƙaice

A Najeriya babu wani alawus da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki duk wata. Wanda aka kora bai da shi, wanda ya ajiye da kansa ma bai da shi. Abin da mutum zai dogara da shi guda biyu ne. Na farko, abin da aka rubuta a takardar sallamar da ya sa wa hannu. Na biyu, kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa na fansho, wanda doka ta yarda ya cira bayan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Barin aiki don raɗin kai ba ya hana ka wannan kashi 25 ɗin. Amma sa hannu a takardar yana iya rufe maka bakin neman ƙari daga kamfani, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa.

Daga ina maganar alawus ta fito?

Wanda ya gaya wa yayana bai ƙirƙiro maganar ba, labarin wata ƙasa ya ji ya ɗauka namu ne. A Amurka kowace jiha tana da tsarinta na biyan wanda ya rasa aiki, akasari har tsawon mako 26, kuma a bisa al'ada wanda ya bar aiki haka kawai ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ba ya samu. Shi ya sa a can mutum yake tsayawa ya yi tambaya kafin ya karɓi tayin barin aiki. A Ingila wanda ya biya kuɗin inshorar ƙasa daga albashinsa yana iya karɓar tallafin mai neman aiki na kusan wata shida, kuma idan kamfani ne ya ce zai rage ma'aikata kai kuma ka miƙa sunanka, ba a lissafa ka da wanda ya gudu daga aiki. A Afirka ta Kudu akwai asusu na musamman da ake cire kashi 1 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 1. Wanda aka rage yana karɓa daga ciki, wanda ya yi murabus kawai ba ya karɓa.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan ƙasashe akwai asusun da ake zubi a cikinsa tun mutum yana aiki, kamar adashi. Mu a nan ba a taɓa cire mana kuɗi da wannan sunan ba, don haka babu tukunyar da za a ɗebo a ba mu.

Akwai hukumomin da ake rikita su da wannan. Hukumar NSITF tana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi daga hannun masu kamfani a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, amma na wanda ya ji rauni ne, ko ya kamu da ciwo, ko ya rasu a sanadin aiki. Hukumar samar da ayyuka ta NDE koyar da sana'a take yi. N-Power kuma shiri ne da aka yi na ɗaukar matasa aikin wucin gadi. Babu ɗaya a cikinsu da zai biya ka don kamfaninku ya sallame ka.

Abin da ya faru a Babban Banki

Irin wannan tayin ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yin sa ba. A watan Disamba na 2024 jaridu suka cika da labarin cewa kimanin ma'aikata 1,000 za su bar Babban Bankin Najeriya, CBN, a ƙarƙashin wani shiri na barin aiki da wuri, kuma kuɗin sallamarsu ya haura naira biliyan 50. Wannan ya zo ne a shekarar da bankin, ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, abin da ya jawo surutu sosai a Arewa. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya bincika. A watan Janairu na 2025 bankin ya shaida wa kwamitin cewa babu wanda aka tilasta wa, kowa da kansa ya nema.

Ku lura da inda muhawarar ta tsaya: da kansu suka fita ko tura su aka yi? Ko a kan ma'aikacin Babban Banki, ko a kan direba irin yayana, wannan kalmar ta "da kansa" ita ce ke yanke abin da mutum zai iya nema daga baya.

Hanya uku ta rabuwa da aiki

A kara idan mai saye ya taya, mai dabba yana iya cewa "albarka" sau goma. Amma da zarar ya ce "na sallama" aka tafa a gaban shaidu, ciniki ya faɗa. Ko saniyar ta ninka kuɗi gobe ba shi da bakin magana. Takardar barin aiki haka take. Don haka ya kamata mutum ya san wace irin rabuwa ce aka kawo masa.

Ta farko ita ce a sallame ka da sanarwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara wa'adin: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Idan ba a ba ka wa'adin ba, sai a biya ka kuɗinsa. Idan takardar ɗaukarka aiki ta ba da wa'adin da ya fi wannan tsawo, ita za a bi.

Ta biyu ita ce rage ma'aikata saboda sun yi wa aikin yawa. Sashe na 20 ya yi magana a kai. Ya ce mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. Ya ce a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Ya kuma ce mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a sasanta a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke ko nawa ba ne. Ke nan kuɗin ya danganta ga takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar ƙungiya idan akwai, da kuma ƙarfin bakinku wajen ciniki. Wannan dokar ta fi shafar irinmu, wato direbobi da masu gadi da leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata da ƙwararru takardar kwantiraginsu ce ke magana.

Ta uku ita ce wadda aka kawo wa yayana, wato ka ajiye da kanka a ba ka wani abu. Sashe na 20 ya bayyana rage ma'aikata da cewa rasa aiki ne ba da son ran mutum ba. To kai da ka rubuta cewa da son ranka ne, ka fita daga inuwar wannan sashe. Ga yayana wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da an bi ƙa'idar na ƙarshe ya fara fita, akwai direbobi da dama da za su riga shi. A ƙasan takardarsa kuma akwai wani layi da ya ce wannan kuɗi shi ne cikakken biya na ƙarshe, kuma ya yafe duk wani haƙƙi da zai iya nema. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron rigingimun aiki, tana nan a Garki, tana kuma da rassa a Legas da Badun da Fatakwal da Inugu da Kano. Mutum yana iya zuwa ya ce matsa masa aka yi. Amma shi zai kawo hujja, ga kuɗin lauya, ga shi kuma ya riga ya karɓi kuɗin ya ci.

Wannan ba yana nufin tayin ba shi da kyau ba. Sau da yawa abin da ake ba wanda ya fita da kansa ya fi abin da za a ba wanda ya tsaya aka rage shi daga baya, musamman idan kamfanin durƙushewa yake yi. Lissafi ne kowa zai yi da nasa halin. Abin da nake cewa shi ne, duk abin da kake so ka neme shi kafin ka ce ka sallama.

Kashi 25 na fansho: wa ya cancanta?

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya sa su a tsarin fansho na karo-karo. Ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashinka, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunanka da lambarka a hannun kamfanin fanshon da ka zaɓa. Ana yin lissafin ne a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Kuɗin naka ne, ko ka canza wurin aiki sau goma asusun yana bin ka. A ƙa'ida ba a taɓa shi sai mutum ya kai shekara 50 kuma ya yi ritaya.

Amma sashe na 7 da na 16 na dokar sun buɗe wata ƙofa. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki da kansa ko aka sallame shi, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin asusunsa ba. A tsohuwar dokar 2004 wata shida ne ake jira, ta 2014 ta rage shi zuwa huɗu. Dokar ta ambaci wanda ya bar aiki da kansa ƙarara, don haka kada wani ya ce maka wai sai wanda aka kora.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a riƙe.

Ɗaya, wata huɗun daga ranar da takarda ta ce aikinka ya ƙare ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka kawo tayin ba.

Biyu, idan ka samu wani aikin a cikin wata huɗun har sabon wurin ya fara zuba maka fansho, ƙofar ta rufe. Kamfanin fansho yana ganin duk abin da ya shiga asusun.

Uku, sau ɗaya ake yin wannan cirar. Sauran kashi 75 zai zauna ana juya shi har ka kai shekara 50. Idan ka sake samun aiki, sabon wurin zai ci gaba da zubi a wannan asusun dai.

Huɗu, kuɗin tsufanka ne kake ci tun yanzu. Naira 500,000 da ka cire kana ɗan shekara 41, da ka bar ta, da ta hayayyafa kafin ka kai 50. Kamar sayar da karsana ne don a biya kuɗin haya. Wani lokacin dole ce, amma mutum ya san abin da ya sayar.

Takardun da aka nema a wurin yayana su ne: takardar kamfani da ke nuna an amince da barin aikinsa da kwanan wata, takardun albashi na wata uku na ƙarshe, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, katin shaida da lambar NIN, hotuna ƙanana, lambar asusun banki mai sunansa, da wasiƙa daga kamfani da ke tabbatar da cewa an zuba masa duk kuɗin fanshonsa. Tun da ya buɗe asusun kafin watan Yuli na 2019, sai da aka sake ɗaukar bayanansa aka haɗa da NIN. A nan muka ɓata mako uku, domin a fansho an rubuta sunan mahaifinmu da harafi ɗaya daban da na NIN, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Wannan matsalar ta yi yawa a cikin mutanenmu, saboda yawancinmu wani ne ya cike mana fam. Ku duba naku tun kuna kan aiki.

Wani sauƙi da aka samu: daga 1 ga Yuni 2025 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta bar wa kamfanonin fansho ikon amincewa da irin wannan biya da kansu, ba sai an aika Abuja an jira izini ba kamar da. Idan takardu sun cika, abin kwanaki ne. Ba a biyan ko kwabo don a cike fam, kuma ba a bukatar ɗan tsakiya. Duk wanda ya ce ka ba shi la'ada ya fito maka da kuɗinka, ka rabu da shi.

Abin da muka tarar a asusun yayana

A daren da na karanta takardar, Yaya yana ta ɗoki, har ya fara lissafin raguna nawa zai saya na layya. Baba yana kishingiɗe yana jin mu. Sai ya ce, "Kai da ka tashi a kara, ka taɓa ganin na sayi sa ban buɗe bakinsa na ga haƙora ba? Ku je ku dubo kuɗin nan da ake cewa ana tara maka."

Washegari muka je ofishin kamfanin fanshonsa aka buga mana takardar bayanin asusu. Nan muka ga wata 11 a jere babu abin da ya shiga, alhali a takardar albashinsa duk wata ana nuna an cire. Da nasa kason da na kamfani, kusan naira 198,000 ke nan. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi, kuma wanda ya yi jinkiri zai biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata.

Yaya ya koma ofis ya nuna. Aka ce masa ya sa hannu kawai, za a daidaita daga baya. Da ya dawo gida ransa a ɓace, na ce, "Yaya, yanzu ne kaɗai suke bukatar wani abu a hannunka. Ranar da ka sa hannu kai za ka koma bin su." Ya samu abokan aikinsa shida suka je suka bugo nasu, duk labarin ɗaya ne. Su bakwai suka rubuta wasiƙa ɗaya suka ce sun yarda da tayin, da sharaɗin a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa za a zuba bashin fanshon kafin wata rana takamaimai, kuma a ba kowa wasiƙar tabbatarwa. An yi ta ja, har wa'adin mako biyun ya wuce aka ƙara musu. Daga ƙarshe aka rubuta. Kuɗin ya shiga a watan Yuli.

Waɗanda suka sa hannu tun ranar farko, wasunsu har yanzu suna kai-kawo. Haƙƙinsu bai faɗi ba, domin kuɗin fansho doka ce ta wajabta shi, kuma PenCom tana da wakilai masu karɓo irin wannan bashi daga kamfanoni. Ofishinta yana kan titin Adetokunbo Ademola a Wuse II, tana kuma da ofisoshin shiyya, har da Legas. Ana kai ƙorafi a rubuce tare da takardun albashi da bayanin asusu. Sai dai abin yana cin lokaci, kuma mai iyali da babu albashi, lokaci ne abin da ya fi ƙaranci a wurinsa.

Mu ma mun yi namu kuskuren. Yaya ya ɗauka kashi 25 ɗin zai fito kafin babbar sallah. Aikinsa ya ƙare 30 ga Afrilu, sallah ta kama farkon Yuni, wata huɗu kuma sai ƙarshen Agusta. Sannan daga cikin naira 1,680,000 an zare bashin naira 300,000 da ya ci a asusun taimakon juna na ma'aikata, wanda ko tunawa da shi ba mu yi ba a lissafi. Katin asibitin da kamfani ya yi wa iyalinsa ma ya daina aiki daga ranar da ya fita, a daidai lokacin da matarsa take da tsohon ciki. Ya sayi raguna biyar maimakon goma sha biyu da ya yi niyya, a shekarar da Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da sallah, kaya suka yi tsada tun daga tushe. Ɗaya ya mutu a hanya, sauran huɗun suka mayar da uwar kuɗi da ɗan abin cefane. A watan Satumba kashi 25 ya shigo, naira 500,000 da 'yan kai, kuɗin haya da na makaranta suka cinye fiye da rabi.

Kafin ka sa hannu

Kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka takarda. Ka ce za ka je da ita gida. Ka samu wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi, musamman na ƙasa masu ƙananan rubutu. Idan kuna da ƙungiya, ku je tare.

Ka san waye ainihin ubangidanka a takarda. Masu gadi da direbobi da masu shara da yawa suna aiki a banki ko babban kamfani, amma wani ɗan kwangila ne ya ɗauke su. Shi ne zai ba ka takardar sallama, shi ne kuma ke da alhakin fanshonka.

Ka bugo bayanin asusun fanshonka ka gwada shi da takardun albashi wata-wata.

Ka sa a rarrabe maka kuɗin a rubuce: nawa ne na sallama, nawa ne garatuti idan kamfanin yana bayarwa, nawa ne na wa'adin sanarwa, nawa ne na hutun da ba ka je ba, nawa ne ariyas. Wani lokacin ana haɗa abin da dama haƙƙinka ne a cikin jimilla, a nuna maka kamar kyauta aka yi maka.

Ka tambayi abin da za a zare: bashi, kuɗin kaya, haraji. A kan haraji, Dokar Kuɗi ta 2020 ta yafe haraji a kan diyyar rasa aiki har naira miliyan 10, sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ta ɗaga zuwa miliyan 50. Irin kuɗin da ake ba yawancinmu bai kai nan ba. Albashi da ariyas su ana cire musu haraji kamar kullum, shi ya sa rarrabewar take da amfani.

Ka sa a rubuta ranar da za a biya, da cewa ta banki ne. Alkawarin baki a ofis ba ya da shaida.

Ka karɓi takardar barin aiki ta asali mai hatimi da kwanan wata, da takardar shaidar aiki. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye asalin a wurin da ruwa ba zai taɓa ba.

Ka ware abincin wata huɗu zuwa shida da kuɗin haya kafin ka sa ko sisi a kasuwa. Kuma kada ka yi shela. Ranar da aka ji kuɗi ya shigo, masu neman rance da masu kawo "harka mai riba" za su yi layi a ƙofarka.

Ga 'yan uwa masu gadin gidaje da shaguna da 'yan acaba da masu tura baro da 'yan kara irina, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki balle fansho, gaskiya ita ce babu kashi 25 da za a jira. Abin da maigida ya ba ka shi ke nan, sai kuɗin wa'adin sanarwa idan ka iya tsayawa a kai. Tun 2019 aka buɗe tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya samu, kuma ana iya cire wani kaso idan bukata ta taso. Ni na buɗe nawa bayan abin da na gani.

Yaya yanzu yana jan wata motar ɗaukar dabbobi tsakanin Dei-Dei da kwatar Karu, ana biyansa a kan kowane sawu. Bai kai albashin da ba, amma ana ci ana sha. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce kamfanin ya sake rage mutane a ƙarshen shekara kuma abin da aka ba su bai kai nasa ba, don haka bai yi nadamar fita ba. Abin da ya dame shi shi ne shekara 12 yana aiki bai taɓa buɗe asusun fanshonsa ya duba ba.

Idan akwai wanda aka kawo wa irin wannan takarda a unguwarku, ku karanta masa wannan, ku raka shi ofishin fansho kafin wa'adi ya cika. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya tsare mu a inda muke nema.